SHARHI: Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, wa ke da alhakin hanya a ranar da ruwa ya yanke ta?

A tsakiyar watan Agustan 2021, mutum 21 suka rasa rayukansu a ƙauyen Radabi da ke ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa, bayan motar haya da ta taso daga Kano za ta Adamawa ta afka cikin gadar da ruwan sama ya riga ya karya a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su matafiya ne, ba su da gona ko gida a bakin kogin. Laifinsu kawai shi ne sun bi hanyar da jiya lafiya lau take, alhali yau babu ita.

Tun daga wancan lokaci, kowace damina sai an sake jin labarin gada ko kwalbatin da ruwa ya tafi da shi a wani sashe na Arewa. Ana yin jaje, ana kai ziyarar gani da ido, ana alƙawarin gyara. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sa'o'i da kwanakin da ke tsakanin yankewar hanya da gyaranta. A cikin wannan tazara ce ake mutuwa, a cikinta ne kuɗin mota ke tashi, kuma a cikinta ne ake rasa hukumar da za ta fito ta ce wannan aikina ne.

Mahaɗar da ta fi ƙarfin ƙananan hukumomi biyu

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka maganar hanyar Birnin Kudu da Gwaram magana ce ta ƙauyuka. Taswira ta nuna akasin haka. Motar da ta bar Kano ta bi Wudil da Kwanar Huguma, idan ta iso Birnin Kudu tana da zaɓi biyu: ta miƙe ta Babaldu zuwa Ningi da Bauchi, ko ta karkata ta Gwaram da Basirka ta faɗa Darazo, daga nan ta bi Dukku zuwa Gombe har Yola. Wannan hanya ta biyu ita ce yanken da direbobin Gombe da Adamawa suka fi so, domin tana rage musu nisa da mai.

Ga kuma zirga-zirgar cikin gida. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana karɓar marasa lafiya daga kudancin Jigawa da maƙwabtan garuruwan Bauchi. Kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram tana tara fatake da manoma da masu dabbobi daga nesa. Ɗalibai, ma'aikata, masu kai amarya da masu zuwa ta'aziyya duk a kan wannan kwalta suke. Idan gada ɗaya ta karye a nan, ana jin zafinta a tashoshin Kano da Gombe a rana guda.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa rabon. Ruwan da ya sauka a tuddan Filato da duwatsun Ningi yana gangarowa ne ta rafuka da koguna zuwa kogin Jama'are, wanda ke haɗuwa da na Haɗeja can gaba su zama Komadugu Yobe. Kudancin Jigawa na kan wannan magangara. Saboda haka ana iya wayar gari rafi ya cika ya batse a Gwaram alhali ruwan da ya cika shi a wata jiha ya sauka. Direban da ya duba sama ya ga babu hadari bai san abin da ke jiransa a gaba ba.

Yadda hanya ke mutuwa

Ba kasafai gada ke faɗuwa a dare ɗaya ba tare da ta ba da sanarwa ba. Kwalbati yakan toshe da yashi da shara da karan dawa, sai ruwan da ya rasa mafita ya taru a gefe guda, ya riƙa zaizayar ƙasar da aka cike bayan gadar. Ƙasar yankin mai rairayi ce, ba ta da riƙo. Sannu a hankali sai ƙarƙashin kwalta ya zama kogo, samansa kuwa yana nan sumul kamar babu komai. Ranar da ruwa mai ƙarfi ya zo, ko babbar mota ta taka, sai ya rufta. Ɗibar yashi a kusa da ƙafafun gada da sare bishiyoyin bakin rafi suna ƙara gaggauta lamarin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar nan ana ganinta tun cikin rani ga duk wanda aka ɗora wa aikin dubawa.

A farkon damina kuwa iska ce ke tare hanya. Guguwar da ke rako ruwan farko tana kayar da bishiyoyi da turakun lantarki a kan titi, ta kwashe rufin kwano ta watsar. Wannan tarewar ba ta daɗewa kamar ta ambaliya, amma da dare tana iya kisa daidai da ita.

Zagaye haraji ne da ba a rubuta ba

Idan hanyar Gwaram zuwa Basirka ta yanke, mai zuwa Gombe daga Kano yana da mafita biyu, kuma kowace da tsadarta. Ko dai ya bi Ningi ya shiga Bauchi sannan ya juyo gabas, ko ya bi babban titin Kano zuwa Maiduguri har Azare, ya gangaro ta Misau zuwa Darazo. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Karin maganar gaskiya ne, sai dai an yi shi ne kafin litar fetur ta kai inda ta kai.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A yi lissafi mai sauƙi a matsayin misali: bas ɗin da ke cin lita guda a kowace kilomita 8, idan zagaye ya ƙara mata kilomita 80, ta ƙara shan lita 10 a zuwa, wata 10 a dawowa. Direba ba zai biya wannan daga aljihunsa ba. Fasinja ne zai biya, sai mai buhun masara da riɗi, daga ƙarshe kuma mai awo a kasuwa.

Wannan ga mai tafiya mai nisa ke nan, wanda aƙalla yana da wata hanyar. Mutumin ƙauyen da ke hayin gadar ba shi da zagaye. Nasa zaɓin shi ne kwalekwale, ko ɗan acaɓa da zai ratsa gonaki da shi, ko matasan da ke ɗaukar mutane da kaya a kafaɗa su tsallakar da su a biya su. Mace mai naƙuda da aka nufi asibitin Birnin Kudu da ita ba ta da sa'o'in da za ta ba zagaye.

Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Duk hanyar da aka karkatar da motoci kanta tana ɗaukar nauyin da ba a gina ta dominsa ba. Gwaje-gwajen da injiniyoyi suka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 sun nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Tirela da tankar mai da aka tura kan ƙaramar hanyar jiha a tsakiyar Agusta, ƙasa a jiƙe, za su iya cinye shekarun hanyar cikin 'yan makonni. Da haka yankewar hanya ɗaya ke haifar da lalacewar ta biyu.

Abin da 2024 ya nuna

A watan Agustan 2024 ambaliya ta datse titin Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi, kusa da Azare. Wannan shi ne tagwayen titin da aka bayar da kwangilarsa tun 2006, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma shi ne jijiyar da ta haɗa Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Ranar da ya yanke, ƙananan hanyoyin da ke kewaye da shi, har da na kudancin Jigawa, su ne suka zama madogara. Ke nan hanyar Gwaram mafita ce ga titin Azare, titin Azare kuma mafita ne ga hanyar Gwaram, kuma dukkansu ruwan kwari ɗaya ke barazana gare su a wata ɗaya.

A cikin wannan damina ce gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a jihar Taraba ta karye, aka shafe watanni masu yawa mutane da motoci na tsallakawa ta jirgin ruwa. A Jamhuriyar Nijar ma ruwa ya katse manyan hanyoyin shiga Yamai na wasu kwanaki. Darasin duka ɗaya ne: abin da aka kira na wucin gadi yana iya zama rayuwar yau da kullum idan babu wanda aka ɗaure da wa'adi.

Hukumomi da yawa, mai alhaki babu

Ba rashin hukumomi ne matsalar ba. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Akwai Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, akwai FERMA da aka kafa a 2002 domin gyaran hanyoyin tarayya, akwai hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da ke aiki tun 1988, akwai NEMA da takwararta ta jiha, ga hukumar gyaran hanyoyi ta Jigawa, ga ƙananan hukumomi da 'yan sanda da masarautu.

Amma a tambayi kowace daga cikinsu: idan ruwa ya karya gada da ƙarfe biyun dare a wani ƙauye na Gwaram, wa zai fara sani, wa zai tare hanya ta ɓangarori biyu, wa zai sanar da tashar Kano kafin motar asuba ta tashi? A aikace, mutanen ƙauye ne ke jera rassan bishiya da duwatsu a kan titi, in sun farga da wuri. Sanarwar hukuma ta a bi wata hanya takan zo ne bayan labari ya riga ya karaɗe Facebook da WhatsApp. Wani lokaci ihu ne bayan hari.

Rabon hanyoyi tsakanin tarayya da jiha yana ƙara dagula lamarin. Jiha takan ce hanyar ta tarayya ce, tarayya ta ce sai kasafin kuɗi ya fito. Matafiyi kuwa bai san wannan bambanci ba, ruwa ma bai san shi ba.

Ba a rasa kuɗin fara wani abu ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ba kowace jiha naira biliyan 3 domin tunkarar ambaliya, ban da kason asusun kula da muhalli da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa. Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mafi yawan abin da ake gani bayan ambaliya shi ne rabon shinkafa da tabarmi da kwanon rufi. Taimako ne mai amfani, amma ba ya hana mota faɗawa rami.

Abin da ya kamata a nema

Matakan da za su ceci rai a nan ba su kai tsadar sabuwar gada ba. Na farko, kafin watan Yuni na kowace shekara a duba kowace gada da kwalbati daga Kwanar Huguma zuwa Basirka da iyakar Ningi, a yashe waɗanda suka toshe, a wallafa sunayen masu rauni domin jama'a su gani. Na biyu, a kowace gada mai haɗari a ɗauki mutum biyu daga ƙauyen da ke kusa a watannin Yuli zuwa Satumba, a ba su waya da fitila da shinge mai ƙyalli, da ikon tare hanya ba tare da jiran umarni daga Dutse ko Abuja ba. Dagatai da masu unguwanni sun san rafukansu fiye da kowane injiniya.

Na uku, a shimfiɗa layin sanarwa guda: daga mai gadin gada zuwa FRSC, wadda ke da lambar gaggawa ta 122, zuwa shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Kano da Dutse da Bauchi da Gombe, zuwa gidajen rediyon Jigawa, duk cikin sa'a guda. Na huɗu, a tsara hanyoyin zagaye tun kafin buƙatarsu, a fayyace wadda manyan motoci za su bi da wadda aka haramta musu. Na biyar, a tanadi gadar ƙarfe ta wucin gadi irin wadda injiniyoyin soja ke haɗawa cikin kwanaki, a ajiye ta a shiyyar, tare da wa'adin da za a bayyana wa jama'a na kammala gyara na dindindin.

Gwamnatin Umar Namadi ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta aiwatar da huɗu daga cikin waɗannan biyar. Haka shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin a Dutse da Abuja.

Ga matasan da ke bibiyar siyasa, nan ne wurin da ya dace a matsa. Ɗan takara zai yi alƙawarin titi domin titi ana buɗe shi da biki a ɗauki hoto. Yashe kwalbati ba shi da biki. Tambayoyin da ya kamata a riƙa yi a zauren taro da shirye-shiryen rediyo su ne: gadoji nawa aka duba bana, ina rahoton, nawa aka kashe daga kuɗin ambaliya a kan rigakafi, kuma wane jami'i ne, da sunansa da muƙaminsa, ke da alhakin rufe hanya idan ta yanke? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan amsoshi a rubuce daga hukumomin tarayya.

Ruwan Agusta zai dawo, kuma wata gadar za ta sake gazawa, domin babu ƙasar da ta fi ƙarfin ambaliya gaba ɗaya. Abin da ke hannun mutane shi ne ko motar da ta taso da asuba za ta tarar da shinge da mai fitila a gabanta, ko kuwa za ta tarar da rami.