Kada A Yi Wa Allon Kwamfuta Jana'iza Da Sauran Ransa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman ahuwa tun da fari, domin na san idanunku sun fi sabawa da ganin nahawu da adabi a waɗannan shafuka. Abin da ya sa na kauce hanya shi ne wata 'yar kalma da ta kusa raba ni da aikin shekara guda, watau kalmar nan da masu gyara ke jefa wa mutum ba tare da ko sun ɗaga kai ba: "Bod ɗin ya mutu, sai an canja." Ra'ayina shi ne sau da yawa ana yanke wannan hukunci tun ba a saurari shaida ba, kuma laifin bai tsaya a kan masu gyara kaɗai ba, mu ma masu kai gyaran muna da namu kason.

Ga yadda abin ya faru. Da damina ina hutu a garinmu Paki, sai aka yi ruwan dare, rufin ɗakina ya yi yoyo daidai inda na aje kwamfutata ta tafi-da-gidanka. Da safe na goge ta, na kunna, ta kama kamar ba abin da ya same ta, na yi hamdala. Ashe ta ciki na ciki. Bayan mako biyu sai ta ɗauke ɗif, ko 'yar fitilar caji ba ta kawowa, ga shi kuwa babi uku na kundin digirina suna cikinta. Na sheƙa Zariya wurin wani mai gyara, ya jona caja, ya danna maɓalli sau biyu, ya faɗa mini waccan kalma, sa'an nan ya yanka mini kuɗin da in na ƙara kaɗan a kai zan sayi wata kwamfutar ta hannu. Na dawo gida jiki ba ƙwari. Wanda ya fitar da ni kunya wani saurayi ne mai gyaran waya a wata 'yar rumfa, wanda da farko ma na raina shi. Ya kwance ta, ya share fiye da sa'a guda yana bin allon da tsinken mita, har ya gano wani ɗan wuri kusa da mashigar wuta da ya yi tsatsa kore-kore. Layi ɗaya tak ne ya tsinke.

To, mene ne wannan layi? Duk wanda ya taɓa leƙa cikin rediyo ko waya ya ga wani allo, galibi kore, mai ɗauke da 'yan ƙananan kayayyaki. Babban da ke cikin kwamfuta shi ake kira uwar allo, domin kowane sashe na na'urar a jikinsa yake rataye. Shi allon da zaren gilashi da wani irin ƙaro ake yin sa, kuma wuta ba ta ratsa shi. A kansa ne ake shimfiɗa jan ƙarfe falle-falle, a zana hanyoyin da ake bukata, a sa sinadari ya cinye sauran. Abin da ya rage su ne layukan da wuta da saƙonni ke bi. Kaurin wannan jan ƙarfe a mafi yawan alluna kashi 35 ne cikin 1,000 na milimita, watau da ƙyar ya kai silin gashi. Koren da muke gani kuwa fenti ne kurum da aka rufe layukan da shi don kada iska da danshi su taɓa su. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun wajen 1936 wani injiniya mutumin Ostiriya mai suna Paul Eisler ya yi amfani da ita cikin rediyo a Ingila.

Mutumin ƙasarmu ba ya bukatar dogon bayani kafin ya fahimci wannan. Ya je fadamun Kudan ko na Ikara da rani ya ga masu tumatir da albasa, yadda ruwa ke fitowa daga bakin inji ya bi babbar hanya, ya rarrabu ƙanana-ƙanana har ya isa kowane kwami. In hanya ɗaya ta ɓalle, kwamin da ke gabanta ne zai bushe, kuma in babbar ce ta ɓalle tun daga tushe, lambun duka zai yi yaushi. Amma ban taɓa jin manomin da ya sayar da lambunsa don hanyar ruwa ta ɓalle ba. Fartanya yake ɗauka ya bi sawun ruwan har ya ga inda ya tsaya.

Abubuwan da ke tsinka layi ba su da yawa. Akwai danshi, irin wanda ya same ni, wanda in ya haɗu da wutar batir yakan ci jan ƙarfen sannu a hankali, shi ya sa na'urar kan yi kwanaki tana aiki kafin ta faɗi. Akwai sukundireba da kan kufce wa mai kwancewa ta karce allon. Akwai wutar da ta wuce kima, wadda kan ƙone layi kamar yadda fis ke ƙonewa. Akwai kuma lanƙwasa allo, da ruwan da kan tsiyayo daga tsofaffin kafasito.

Gyaran kuwa, a idon mai kallo, ba wani abin a zo a gani ba ne. Ana cire batir da caja, a wanke wurin da sifirit, a sa mita a kan ma'aunin nan da take ƙara in hanya a haɗe take. Inda ta yi shiru, nan ne ɓarakar. Sai a kankare koren fentin da bakin reza a gefe biyu na tsinkewar har jan ƙarfe ya fito fes, a shafa ɗan maikon da ke sa dalma ta kama, a ɗora wani siririn zaren jan ƙarfe ya zama gada, a like bakinsa biyu. Wannan zare shi masu gyara ke kira jamfa. Daga nan a sake aunawa, a tabbata gadar ba ta taɓa layin maƙwabta ba, a rufe ta da fenti. Wahalar tana ga hannu da ido da sanin zafi. Dalmar da aka saba da ita tana narkewa a ma'aunin zafi 183, amma tun 2006 da Tarayyar Turai ta hana sa gubar dalma cikin yawancin kayan lantarki, masana'antu suka koma wata mahaɗa da sai ta kai wajen 217. Wanda bai san wannan ba sai ya danne allon da ƙarfe mai zafi yana jira, har jan ƙarfen ya ɗago daga jikin allo, a je neman gira a rasa ido.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa kowane allo yana gyaruwa. Uwar allon kwamfuta hawa-hawa ce, daga hawa 4 zuwa 8 har fiye, an manne su wuri guda, kuma na sama da na ƙasa kaɗai ido ke gani. In tsinkewar a hawan ciki take, ko wuta ta ƙone allon har ya zama gawayi, to sai haƙuri. Haka kuma akwai layukan da ke tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar da ma'ajiyarta, waɗanda mai lura zai ga an yi su a karkace kamar tafiyar maciji. Da gangan aka yi haka don tsawonsu ya zo daidai, saƙonni su isa tare. In aka ɗora wa irin waɗannan doguwar jamfa, kwamfutar tana iya kamawa yau ta riƙa sumewa gobe. Saboda haka mai gyaran da ya duba ya ce ba za ta yiwu ba, ba ni da ja da shi. Wanda nake ƙorafi a kansa shi ne wanda bai ko kwance noti ɗaya ba.

Amma fa in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Me ya sa mai gyara zai ɓata sa'a biyu yana bin layi? In ya gano matsalar, muka ga zaren da ya sa bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, sai mu ce, "Haba malam, wannan ɗan abin ne za ka ce in biya kaza?" In kuwa bai gano ba, ko sisi ba mu ba shi, alhali ya ƙona man janaretonsa. Canjin allo kuwa aikin rabin sa'a ne, ga riba a kan sabon, ga tsohon an bar masa ya ciri kaya. Mu da kanmu muka koya musu cewa sayarwa ta fi bincike kawo abinci. Abin mamaki, mutumin da ba ya musu in asibiti ta karɓi kuɗin gwajin jini kafin a ba shi ko ƙwaya ɗaya, shi ne ke ganin kuɗin duba na'ura zalunci ne.

Wannan hali kuwa yana da tsada. Ba a ƙera uwar allo a Paki, ba a ƙera ta a Kaduna. Wadda za a sa maka daga kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja za a aiko da ita, sau da yawa ma daga cikin wata matacciyar aka ciro ta, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 duk abin da ke ƙetaro teku ya yi tashin gwauron zabo. Ɗan manomin rake daga Maƙarfi da aka sayar da amfanin gona aka saya masa kwamfuta don ya koyi danna ta, tun da yake daga 2015 jarrabawar JAMB a kanta ake yi, in an ce masa allo ya mutu, ai karatun ne aka ce ya dakata. Daɗin daɗawa, a wayoyin hannu da wasu sababbin kwamfutoci ma'ajiyar bayanai a jikin allon take a like, don haka ranar da aka canja allo, ranar aka yi sallama da duk abin da ke ciki. Sa'an nan ga shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Namu kason yakan ƙare a buhun 'yan gwangwan, wani lokaci a cinna masa wuta don a fitar da ƙarfen, yara suna tsaye suna shaƙar hayaƙin. Turawan da suka ƙera kayan ma sun fara dawowa daga rakiyar yarwa, domin a 2021 Faransa ta wajabta a rubuta wa wayoyi da kwamfutocin hannu maki na sauƙin gyaruwa. Mu kuwa da muka gaji ɗinkin ƙwarya da facin taya, bai kamata a ce sai an zo an tuna mana ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A yarda da kuɗin dubawa, a yi cinikinsa tun kafin a kwance, ko an gyara ko ba a gyara ba. Shi kuma mai gyara ya nuna wa mai kaya inda ɓarnar take, in ya ce sai canji ya faɗi dalili, ya kuma mayar masa da tsohon allonsa. Ina kuma ganin makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya za su yi babban taimako in suka buɗe gajerun kwasa-kwasai ga yaran rumfuna, domin hannunsu ya riga ya faɗa, abin da ya rage musu shi ne karatun taswirar allo, wadda ke nuna inda kowane layi ya fito da inda ya nufa.

Saurayin nan da ya gyara mini, da na tambaye shi kuskurena, cewa ya yi kunnawar da na yi da safen nan ita ta jawo. Da na cire batir na kai aka buɗe aka wanke aka busar a ranar, da layin bai tsinke ba. Na biya shi abin da ya nema ban rage ko kwabo ba, na kuma kwashe babina uku na zuba a wuri biyu tun kafin in bar rumfar.