Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kebbi: Ƙibar da Ake Saye a Kasuwannin Bagudo

Mai girma Kwamishina,

Na rubuto ne a kan wata cuta da har yanzu mutanenmu ke yi wa barka da zuwa, wato ƙiba mai wuce kima. Na san akwai mai cewa ina ruwan Kebbi da zancen ƙiba, jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Amma duk wanda ke shiga gidaje a Bagudo da Illo da Ka'oje ya san ana samun su biyun a gida ɗaya: uwa ta yi nauyin da tashi ke yi mata wuya, ɗan da ke bayanta kuma bai kai tsawon sa'o'insa ba. Tukunya ɗaya ce ta haifar da su. Shinkafa da mai da yaji da rana, tuwon shinkafa da dare, taliya in an samu canji, kifin Kwara kuwa an banda shi an kai kasuwa. Likitoci sun daɗe da gano cewa yaron da ya tashi da ƙarancin abinci mai gina jiki ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da hawan jini idan ya girma ya yi jiki.

Rayuwa ma ta sauya. Babur ya ɗauke mana tafiyar ƙasa, injin niƙa ya hutar da mata daga daka, kuma ba mai fatan a koma baya. Sai dai ku dubi masu harkar iyaka a Tsamiya da Lolo: direbobi, 'yan canji, dillalai. Mutum zai wuni a benci yana jiran mota, da safe shayi mai madarar gwangwani da suga cokali-cokali, da rana lemon kwalba mai sanyi. Idan tumbi ya fito, abokai su ce Alhaji ya fara jin daɗi. Ba a gane akwai matsala sai ranar da ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a fara neman motar Birnin Kebbi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na mata, domin su sayen ƙibar suke yi da kuɗinsu. Ranar kasuwa za ku ga mai tallan magani da farantinsa, yana ƙirga ƙananan ƙwayoyi a leda, ba kwali ba takarda. Budurwar da bikinta ya matso ta zo da ƙawarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ya ƙulle mata na wata guda. Ana kiran su sha-ka-fashe. Mafi yawansu dexamethasone ne, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don asma da kumburi, wasu kuma cyproheptadine ne mai buɗe ciki da sa barci. Cikin 'yan makonni fuska ta cika ta yi zagaye, dangi su ce amarya ta yi kyau. Abin da ba su sani ba shi ne yawancin wannan cikar ruwa ce da kitsen da ke taruwa a fuska da ƙeya da ciki, ƙafafu kuwa suna sirancewa. Maganin na ɗaga sugan jini, yana ɗaga hawan jini, yana cinye ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki. Mafi haɗari, wadda ta daɗe tana sha idan ta daina rana ɗaya, jikinta na iya rikicewa har ta suma, domin ƙwayar ta riga ta kwantar da aikin halittar da ke samar da irin wannan sinadari a jikinta. Ga ciki na zuwa bayan aure, kuma ƙiba na ƙara haɗarin sugan masu ciki da jijjiga da haihuwa ta hanyar tiyata, a yankin da wasu ƙauyuka sai an hau kwalekwale kafin a kai ga asibiti.

Ba na ɗora laifin a kan waɗannan yara. Bakinmu ne ya tura su wurin mai faranti. Matar aure in ba ta yi jiki ba, sai a tare ta a gidan suna: “Wai mijin naki ba ya ciyar da ke ne?” Wasu har raɗa suke yi cewa tana da wata cuta. Idan kuma jikin ya zarce, bakin nan dai shi zai juya. Mai kabu-kabu ya ce sai ta biya kuɗin mutum biyu, yara su bi ta da suna, mijin da ya ce yana son mai jiki ya fara zancen ƙarin aure. Na san matan da suka daina zuwa biki saboda kunya, da waɗanda ciwon gwiwa ya hana su zaman tahiya, suna salla a kan kujera tun ba su kai arba'in ba, suna kuka a ɓoye. Damuwa ta hana barci, rashin barci ya ƙara ci, daga nan sai shayin rage ƙiba wanda shi ma ba a san abin da ke cikinsa ba. Idan ta daure ta je asibiti, wani ma'aikacin ya tarbe ta da faɗa a gaban jama'a, ba za ta sake komawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba, kuma adadin manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Mu ba mu fita daga wannan lissafi ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A tabbatar kowace cibiyar lafiya ta matakin farko, daga Zagga zuwa Kende da Bani, tana da sikeli mai aiki, da tef irin na tela, da na'urar awon jini, da tsinken gwajin suga da ba ya yankewa. Ƙugun mace in ya haura santimita 88, na namiji 102, haɗari ya yi yawa, kuma wannan awo ne da ma'aikaciyar ƙauye za ta yi cikin minti ɗaya. A ɗakin awon ciki a riƙa tambayar mace, cikin sirri da mutunci, ko tana shan maganin ƙiba. Wadda ta amsa a haɗa ta da likitan da zai riƙa rage mata a hankali. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, kuma ta sauƙaƙa wa masu hawan jini da suga samun maganinsu kusa da gida.

Batun ƙwayoyin kuwa ya fi ƙarfin jiha ita kaɗai. Magani na ƙetare iyaka ta kowane ɓangare, kamar yadda dangi ke ƙetarawa tsakanin Tsamiya da Segbana ta ƙasar Benin. A 2017 gwamnatin Benin ta rushe sashen masu sayar da magani ba izini a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, alamar su ma abin ya dame su. Ku zauna da NAFDAC da kwastan da jami'an lafiyar Segbana da Malanbil, da ƙungiyar masu kemis, a hana sayar da dexamethasone ba takardar likita. Kame kaɗai dai ba zai isa ba muddin masu nema na nan. Ku nemi Mai Martaba Sarkin Gwandu ya yi wa hakimai da limamai magana, a faɗa wa maza a huɗuba su daina auna darajar gidansu da jikin matansu. A yi shirin rediyo da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, a shiga makarantun Islamiyya na matan aure, inda za a iya magana ba kunya.

Ina kuma roƙon ku aiko da tawagar gwajin suga da hawan jini kyauta zuwa kasuwannin Bagudo da Illo da Tsamiya kafin lokacin bukukuwan aure na bayan girbi, a sa mata cikin masu gwajin, a kafa musu rumfa ta daban.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan ƙaramar hukumar Bagudo