Hazon hunturu: ba duka laifin hamada ba ne

Duk shekara, da Disamba ta kama, mahaifiyata takan fara tari. Tana sayar da koko a Nima fiye da shekara ashirin, kuma amsarta ɗaya ce kullum: "Ai hunturu ne, ɗana, zai wuce." Yakan wuce ɗin, amma sai ta sha magani har wajen watan Maris. Wannan ne ya sa na fara tambayar kaina, shin hunturun ne kaɗai?

Gaskiya ne ƙura tana zuwa daga nesa. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta ratsa Nijar da Burkina Faso, ta sauka Tamale, ta gangaro Kumasi har Accra. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake fin jin ta. Da ruwan sama ya kankama a watan Afrilu, sai ya wanke sararin sama, numfashi ya ɗan sarara.

Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ƙwayar da ake kira PM2.5. Ta fi silin gashin kai siranta kusan sau 30, don haka hanci ba ya iya tare ta, sai ta zarce cikin huhu, har ta shiga jini. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata ta wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a yini ɗaya ba. A kwanakin hazo mai ƙarfi, Accra kan ninka wannan adadi sau da yawa, har hukumar kare muhalli ta EPA ta fito tana gargaɗin mutane su rage zama a waje.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Masu bincike da suka auna iska a unguwanni huɗu na Accra sun gano cewa Jamestown da Nima sun fi East Legon gurɓacewa. Hamada kuwa ba ta san mai kuɗi da talaka ba. Bambancin daga ƙasa yake tashi: gawayi da itacen girki, tsofaffin trotro, ƙona bola a bakin kwata, da lungunan da ba kwalta. Duk shekara muna shaƙar wannan hayaƙi, da damina ma. Hunturu dai ɗora masa kaya yake yi.

Akwai kuma maganar asuba. Idan dare ya yi sanyi, iska mai nauyi takan kwanta ƙasa, hayaƙi ya kasa tashi sama. Daidai lokacin ne mata ke hura wutar koko da waakye, dattawa na tafiya masallaci, wasu kuma sun kunna shara suna jin ɗumi. Ga azumi yana matsowa baya da kwana 11 kowace shekara, nan da 2030 a tsakiyar hunturu za mu riƙa yin sa. Mai asma da mai hawan jini su fara shiri tun yanzu, su ga likita kafin lokacin.

Ba mu da ikon tsayar da iskar Bodele. Amma ƙona bola a zango, wannan namu ne. Majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, waɗanda Nima da Maamobi ke ƙarƙashinsu, ya kamata su ƙara kwasar shara a watannin nan uku, domin wanda ba a kwashe masa ba shi ne ke cinna wuta. Gwamnati ta ce tana son rabin 'yan ƙasa su koma girki da gas kafin 2030. Madalla, amma mai koko ba za ta bar gawayi ba sai kuɗin tukunyar gas ya zo daidai aljihunta. Sarakunan zango da limamai su ma suna da bakin magana a nan.

Ni dai bana na saya wa Inna takunkumi, na kuma fitar mata da murhu daga cikin rumfa zuwa fili. Ta yi ta mita, wai kwastomominta ba sa gane ta. Na ce mata, "Inna, ki yi haƙuri zuwa ruwan farko."