Kafin a Ɗora wa Direba Laifi

Gab da faɗuwar damina na ga wani matashin ma'aikaci yana zazzaga wa direbansa masifa a ƙofar wani sito. Direban yana ƙoƙarin shigar da akori-kura da baya, tana jaye da tirela maƙil da buhunan taki, sai allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe. Wai ganganci ne, tun da motar ta yini a kan titi lafiya lau. A ganina wannan hujja tasa ita ce ma ta wanke direban, kuma mu da za mu riƙa sa hannu a takardun gyaran motocin hukuma ya kamata mu san dalili.

In mota tana gudu, iskar da take karo da ita ce ke ratsa lagireto tana sanyaya ruwa. In kuwa tana rarrafe da baya, babu wannan iska, sai abin da fanka ta jawo, alhali inji yana nishi da kaya mai nauyi. Saboda haka motar da ke sanyi a titi amma ta yi zafi a ribas, fanka ake fara tuhuma: ko fambel ya saki, ko kulocin fanka ya mutu tana juyawa ba ƙarfi, ko an yar da ƙawanyar robar da ke kewaye da ita, wadda wasu bakanikai ke ɗauka ado ce. Sai a duba ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe ramukan lagireto. Wadda ke zafi har a cikin gudu kuwa, hanyar ruwanta za a bincika.

Mota mai canza giya da kanta tana da ƙarin matsala. A irin wannan tafiyar hawainiya man giyarta yana ɗaukar zafi ƙwarai, kuma a motoci da yawa ta cikin lagireton nan ɗaya yake bi ya huce. Da direba zai sa ƙaramar giya ta 4L, in motar na da ita, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya riƙa hutawa, da an rage wahalar. Amma yaya zai huta, maigida yana tsaye yana duban agogo?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da aka saba yi, wato a cire tamostat a jefar. Ba ta ƙara wa fanka ko rage mata iska; in an cire ta ciwon yana nan. Murfin lagireto ma, da ba a kula da shi, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta lalace, ruwan zai tafasa da wuri. Kada dai kowa ya kuskura ya buɗe shi inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa zai feso masa a fuska.