Almajiri ake nema, ko yawan kawuna?

A ƙarshen Linjila ta hannun Matiyu, sura ta 28, Yesu ya umarci mabiyansa su tafi ga dukan al'ummai, su mai da mutane almajirai, su yi musu baftisma, su kuma koya musu kiyaye abin da ya umarta. A kan wannan umarni aikin bishara ya tsaya. Ba ni da ja da Kiristan da ya ɗauke shi da muhimmanci, domin kira ga addini haƙƙi ne, ga mai bishara kamar ga mai da'awa. Faɗana da masu wa'azin rana uku ne, waɗanda ke zuwa da lasifika da alkawarin arziki, su ƙirga hannuwan da aka ɗaga, su aika da lissafi ga masu ba su kuɗi a ƙetare, su kama gabansu. Waɗannan sun riƙe tafiyar, sun yar da koyarwar.

Mu dubi kalmar kanta. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, yana kiran mabiyan Yesu almajirai. Bahaushe kuwa ya san abin da ake kira almajiri. Yaro ne da ke zama gaban malami shekara da shekaru, ya wanke allo, ya sake rubutu, ya koyi karatu tare da ladabi, ya ga yadda malaminsa ke ci da yadda yake fushi. Wa ya taɓa jin an yi sauka cikin kwana uku? Wanda ke wa'azi da Hausa yana cewa a yi almajirai, harshen da yake magana da shi ya riga ya ɗora masa sharaɗin zama da haƙuri.

Tarihin ƙasarmu ma shaida ne. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924. Bayan shekara ɗari, Kiristocin Nijar ba su kai biyu cikin ɗari ba. Mai ƙirga kawuna zai ce an yi hasara. To amma a tambayi mutanen Adar da Gobir game da asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, ko game da gidan jinyar kuturta na Danja kusa da Maraɗi. Darajar da Kirista ke da ita a idon maƙwabcinsa Musulmi, a irin waɗannan wurare aka gina ta, da hannun mai wanke gyambo.

Akwai wani darasi a gonakin Maraɗi. A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara koya wa manoma su bar kututture ya toho, su riƙa sassabe shi har ya zama itace. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, jama'a suka karɓa. Da rabon ya ƙare, aka sare akasarin itatuwan. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga amfani da idonsu, daga gare su kuma dabarar ta bazu, gona zuwa gona, har ta kai wajen hekta miliyan 5. Abin da hatsi ya sayo, ƙarewar hatsi ta tafi da shi. Abin da mutum ya gamsu da shi ya zauna. In haka itace yake, ina ga imani? Mai miƙa buhun gero da hannun dama yana jiran tuba da hagu ya ci mutuncin mayunwaci, ya kuma ci mutuncin addinin da yake kira gare shi.

Za a ce mini umarnin na gaggawa ne, rai ba ya jira. Na ji. Sai dai mai gaggawar yakan hau jirgi ya tafi, ɗan gari ne ke biyan bashin. A Oktoban 1991, shirin babban taron Reinhard Bonnke a Kano ya ƙare da zubar da jini, kuma mazauna garin ne suka binne gawarwaki.

Kada wani ya ɗauki maganata hujjar kunna wuta. Waɗanda suka ƙona majami'u a Maraɗi a Nuwamban 2000, da Damagaram da Yamai a Janairun 2015, sun ƙona ɗakunan ibadar ƴan ƙasa irinsu, waɗanda ba su zana wani zane a Faransa ba. Alƙur'ani, a sura ta 16, ya yi umarni da kira cikin hikima da kyakkyawan wa'azi, a sura ta 2 kuma ya kore tilas a addini. Mai jifa da mai ƙirga kawuna cutarsu ɗaya: kowanne ya raina hankalin mutum, ɗaya ya ɗauka tsoro zai tsare shi, ɗayan ya ɗauka kwaɗayi zai jawo shi.

Ku malaman makaranta, kun fi kowa sanin bambancin sunan da ke cikin rajista da yaron da ya iya karatu. Da wannan ma'auni za ku auna duk mai wa'azin da ya sauka garinku, kowane littafi ya riƙo: shekara nawa zai zauna, me zai koyar, kuma wanda ya saurare shi ya ce a'a, zai ci gaba da zama maƙwabcinsa?