Dalilin Da Ya Sa Masu Fim Ba Sa Son Rufe Labari

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina a kan wani ƙorafi da ya yi yawa a ƙauyukanmu. Ƙorafin kuwa shi ne, wai me ya sa masu shirya fim mai dogon zango ba sa barin labari ya ƙare? Da an ce an gama, sai ka ji wai ga sabon zango nan tafe. Wasu na cewa kwaɗayi ne kawai. Ni dai a nawa ganin maganar ta wuce nan.

Wannan abu ba yau aka fara shi ba. Waɗanda suka karanta littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun san kashi-kashi suke fitowa. Yawancin marubutan lokacin da kuɗin aljihunsu suke buga littafi, saboda haka cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu. Haka aka yi a zamanin kaset, sai an ga yadda na ɗaya ya karɓu a kasuwar Ƙofar Wambai sannan a saki na biyu.

To yanzu kasuwar kaset da faifan CD ta mutu. Abin da ya rage wa mai fim shi ne gidan talabijin da kuma YouTube, su kuwa duka biyun da talla suke ci. YouTube na biyan mutum ne gwargwadon yawan masu kallo da tallar da aka saka musu. Shi kuma mai kamfanin da zai ba da tallar shinkafa ko sabulu, ba zai zuba kuɗinsa a kan sunan da ba wanda ya sani ba. Jama'a, duk ɗan tireda ya san wannan. In ka shekara biyar a rumfa ɗaya har masu saye suka san wurinka ko da dare ne, ba ka tashi ka koma bayan kasuwa don kawai ka gaji da zaman wurin. Suna shi ne rumfar mai fim. Shi ya sa tashar Arewa24 da ta ci gaba da Daɗin Kowa ba ta yar da sunan ba, sai ta ƙara masa Sabon Salo. Shi ya sa kuma Izzar So na Lawan Ahmad, wanda aka fara a 2020, ya haura kashi 100, bai tsaya ba ko bayan rasuwar daraktansa Nura Mustapha Waye a 2022, Allah Ya jiƙansa. Kada kuma a manta, bayan 'yan wasan da muke gani akwai masu kyamara da masu fitila da direbobi da masu dafa abinci. Ranar da aka rufe labari, ranar tukunyarsu ta sauka.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Mu manoma mun san gyauron rake. In ka sare rake ka bar gindin, zai sake tohowa ba tare da ka sayi iri ba, kuma na farko yakan yi kyau. Sai dai duk shekara ƙara sirancewa yake yi, har ya kai ga dole ka tumɓuke ka dasa sabo. Haka ci gaban labari yake. Alamar gyauro ya tsufa a fim ba ta ɓuya: sai ka ga an zaunar da mutum biyu a falo suna maimaita abin da muka riga muka gani makon jiya, ko a ƙirƙiro wa jarumi sabon maƙiyi wanda ba a san daga inda ya faɗo ba.

A nan ne nake yaba wa Malam Aminu Saira. Ya fara Labarina a 2020, labarin Sumayya ya ja hankalin mutane ƙwarai. Da Nafisa Abdullahi ta fita daga shirin a 2022 aka kawo Fati Washa a madadinta, ba kowa ne ya ji daɗi ba, domin ido ya riga ya saba. Daga baya sai ya bar sunan Labarina yadda yake, amma ya kawo sabon labari ɗungurungum, na Alhaji Mainasara wanda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayinsa. Ka ga rumfa tana nan inda take, kaya ne aka sake. Masu talla ba su gudu ba, ma'aikata ba su rasa aiki ba, mu kuma ba a ja mu a ƙasa ba.

Sauran magana a kanmu take, mu mutanen karkara. Yawancinmu ba a YouTube muke kallo ba, saboda tsadar data da rashin sabis. Wurin mai cajin waya muke zuwa ranar kasuwa ya tura mana a memori, mu biya shi 'yan canjinmu. Ko kwabo daga wannan kuɗi ba ya isa hannun wanda ya shirya fim ɗin, kuma ba a ƙirga mu cikin masu kallo. Waɗanda ake ƙirgawa su ne mutanen birni da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, kuma muddin lambarsu ba ta ragu ba, ba abin da zai sa mai fim ya tsaya. Mu dai sai mu yi ta mita a gindin bishiya, ba mai jin mu.

Saboda haka ina kira ga shugabannin masu shirya fina-finai da su zauna da masu tura fim a waya, a yi musu rajista ta ƙungiya, su riƙa sayen fim daga hannun mai shi a kan farashi mai sauƙi, suna kuma kai rahoton wanda jama'a ke nema da wanda suka daina tambaya. Su kuma masu rubuta labari, don Allah su riƙa sanar da mu tun farko zango nawa za a yi, yadda mai sayen kaya bashi yake sanin ranar biya.



Naku,
Wani manomi mai tireda,
Ƙaramar Hukumar Kura, Jihar Kano.