Jariri Ma Yana Jin Zafi

Ya kai mai karatu, ka taɓa raka mahaifiyarka ko yayarka asibiti ranar rigakafi? In ka taɓa zuwa, ka ji yadda jarirai suke tsala kuka da zarar allura ta shige su. Wataƙila ka ji wani babba yana cewa, "Ƙyale shi, ai bai san zafi ba tukuna." A ganina wannan magana kuskure ce, kuma jarirai ne suke shan wahalarta.

Ba mutanen gida kaɗai suka yi wannan kuskure ba. Har cikin shekarun 1980, likitoci da yawa a Turai da Amurka sun ɗauka sabon jariri ba ya jin zafi kamar babba, har akan yi wa wasu tiyata ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba. A 1987 binciken Dakta Anand da abokan aikinsa ya taimaka wajen rushe wannan tunani. Yau an san jariri yana jin zafi sarai, bakin faɗa ne ba shi da shi.

A Nijeriya, tun a kwanakin farko ake yi wa jariri allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta, sannan a ƙara wasu a mako na 6 da na 10 da na 14. Bakwaini kuwa, wato wanda aka haifa kafin lokaci, ana yawan tsira masa dunduniya don ɗibar jini. Duk waɗannan wajibi ne, domin rigakafi ya fi magani. Zafin ne ya kamata a rage, kuma a nan iyaye suke da babban aiki.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa uwa ta riƙe jaririnta, ta shayar da shi lokacin allura ko gab da ita. Kwantar da jariri a ƙirjin uwa ko uba, fata da fata, shi ma yana rage raɗaɗi. An fara wannan dabara a birnin Bogota na Kolombiya a ƙarshen shekarun 1970, domin bakwaini. Ba ta bukatar kuɗi ko wutar lantarki.

Wasu za su ce ma'aikatan jinya ba su da lokaci, ga layi har waje. Gaskiya ne, amma shayarwa ba ta ɗaukar dogon lokaci, kuma jaririn da ya natsu ya fi sauƙin yi wa aiki. Bugu da ƙari, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Uwa ce ta san kukan yunwa da na ciwo, ita ce za ta lura idan ɗanta yana murtuke fuska, yana runtse ido, ko ya ƙi kama nono. Dole a saurare ta. Su kuma iyaye kada su ba jariri magani ko jiƙo ko zuma da kansu, sai sun tambayi likita.

Saboda haka, ranar da za a kai ƙaninka rigakafi, ka tuna wa mahaifiyarka ta tambayi ma'aikaciyar jinya, "Zan iya shayar da shi yayin da ake yi masa allurar?" Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.